Amsar tambayar ƙaninmu kan farar giyar Chablis

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanina, na saurari saƙonka, wai baƙo ya ci kifi a gidan abincin da ka fara aiki, ya ce a kawo masa farar giyar inabi "sec", kai kuma ka tsaya kana tunanin yaya abin sha zai zama busasshe, tunda ma'anar kalmar ke nan a Faransanci. Wallahi na yi dariya, don ni ma haka na yi a shekarata ta farko a garin Auxerre, nan Faransa. Ni ba na sha, ka sani, amma mai ɗaukar faranti dole ya san abin da ke cikin kwalba.

To, "sec" ɗin nan nufinsa babu zaƙi. Yis ya cinye sukarin inabin kusan duka lokacin da ake haɗa ta, abin da ya rage sai tsami mai kaifi. Idan Bafaranshe ya ce maka haka yana cin kifi, mafi yawan lokaci Chablis yake nema, ko makamanciyarta.

Chablis ƙaramin gari ne a arewacin Burgoni, jihar Yonne, kusa da nan inda nake, bakin wani ɗan kogi da ake ce wa Serein. Sunan garin giyar ta ɗauka, kuma inabi iri ɗaya kawai ake yin ta da shi, Chardonnay. Abin da ya bambanta ta shi ne ƙasar. Farar ƙasa ce mai duwatsu, kuma in ka tona za ka ga ƙananan ɓawon kawa sun zama dutse a ciki, saboda wajen teku ne shekaru kusan miliyan 150 da suka wuce. Na taɓa ɗaukar ɗaya da hannuna lokacin tsinke inabi a watan Satumba, har yanzu yana cikin akwatina.

Sai sanyi. Wajen nan akwai sanyi, shi ya sa inabin ba ya cika zaƙi. A watan Afrilun 2021 ƙanƙarar asuba ta kama toho, manoma suka kwana a gona suna kunna manyan kyandirori layi-layi tsakanin kuringa. Wasu kuma ruwa suke fesawa ya daskare a kan tohon, ƙanƙarar ce ke kare shi. Ko da na gani da idona ban yarda ba sai da aka yi mini bayani.

Kwalaben matakai huɗu ne, daga ƙasa zuwa sama: Petit Chablis, Chablis, Premier Cru, sai Grand Cru da ke da gonaki bakwai kacal a gangaren tudu guda, irin su Les Clos da Valmur. Kada ka buɗe Grand Cru sai baƙo ya ga farashin, ka ji ko?

Maganar abinci kuwa, ka tuna yadda muke matsa lemun tsami a kan soyayyen kifi, aikinta ke nan. Tana tafiya da kawa, gasasshen kifi, jatan lande, kaza a miyar kirim, da cukun akuya. Amma in abincin ya ji yaji irin namu, gaya wa baƙo gaskiya, barkono zai danne ta, asarar kuɗi kawai. Ka kai ta da sanyi, wajen digiri 10 zuwa 12, kada ta yi ƙanƙara.

Abu ɗaya kuma, don kai da masu cin abincinka Musulmi: in ka ga "andouillette" ko "jambon à la chablisienne" a takardar abinci, naman alade ne, kuma miyar jambon ɗin da giyar ake dafa ta. Ka faɗa musu tun kafin su yi oda. Zan shiga aiki yanzu, in akwai saura ka turo.