Kayak na kamun kifi ga mai jiki: amsa ga ɗan'uwa mai kilo 128

Assalamu alaikum Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce nauyinka kilo 128, kai dogo ne, kana son kayak, wato ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili, da za ka riƙa kamun kifi da shi a tafki da kogi mai sanyin gudu. Ka ga wani da aka rubuta cewa yana ɗaukar kilo 160, shi ne kake tambaya ko zai yi maka, tunda akwai rarar kilo 32. Gaskiya ba zai yi ba, kuma ina roƙonka kada ka saya. Ni ma mai jiki ne, nauyinmu bai yi nisa da juna ba, kuma na daɗe ina kamun kifi a kan irin waɗannan jiragen, don haka bari in yi maka bayani dalla-dalla.

Lambar da kamfani yake rubutawa ba tana nufin jirgin zai yi tafiya mai daɗi da wannan nauyin ba. Galibi tana nuna iyakar abin da zai ɗauka ne yana kan ruwa. Kuma kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi wajen fitar da ita ba. Wasu suna haɗa nauyin jirgin kansa a ciki, wasu ba sa haɗawa. Kamfanin Old Town yana rubuta lambobi biyu, jimillar nauyi da kuma wanda za ka iya amfani da shi. A jirginsu Sportsman PDL 120 jimillar laba 500 ce, wato kusan kilo 227, amma abin da ya rage wa mutum da kayansa laba 384 ne, kusan kilo 174. Dubi tazarar da ke tsakani. Da kowane kamfani zai riƙa yin haka, da masu jiki irinmu sun huta da asarar kuɗi.

Yanzu mu yi lissafinka. Kai kilo 128. Tufafi da takalmi da rigar kariya, sa kilo 4. Filafili kilo 1. Sandunan fatsa da akwatin ƙugiyoyi da dalma, kilo 8 ba ƙari ba ne. Kula da ƙanƙara da ruwan sha, kilo 10. Anka da igiyarta, kilo 3. Idan za ka sa na'urar gano kifi da ƙaramin batirinta, kilo 4. Kifin da kake fatan komawa gida da shi, mu ce kilo 5. An tashi kilo 163. Ka ga tun ba ka jefa ƙugiya ba ka kusa cinye rarar nan ta kilo 32, da kifin kuwa ka wuce ta. Kada ka ɗauki lambobina kai tsaye, ka tara kayanka wuri ɗaya ka ɗora a sikeli, domin kusan kowa yana raina nauyin kayansa.

Ƙa'idar da masu wannan harka suka saba bi ita ce, kai da kayanka kada ku wuce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na lambar da aka rubuta. Ni a kashi 75 nake tsayawa. Idan ka raba 163 da 0.75 za ka samu kusan 217. Ke nan jirgin da ya dace da kai shi ne mai ɗaukar kilo 215 zuwa sama, abin da zai zo maka a takardun Amurka a matsayin laba 475 zuwa 500. Idan kana da niyyar ɗaura injin lantarki nan gaba, to ka ƙara, domin babban batirin dalma shi kaɗai yana kai kilo 25 ko fiye.

Dalilin wannan rarar a bayyane yake. Kowane kilo da ka ɗora, sai jirgin ya ture lita ɗaya ta ruwa kafin ya ɗauke shi, ke nan yana ƙara nutsewa. Yawancin kayak na kamun kifi irin wanda ake zama a samansa ne, kuma yana da ramuka da suka huda daga bene har ƙasa domin ruwan da ya fantsamo ya zurare da kansa. Wannan dabara tana aiki ne muddin benen yana sama da fuskar ruwa. Idan nauyi ya yi yawa sai abin ya juye. Kana zama za ka ji ƙarar ɓul-ɓul a ƙarƙashinka, ka duba ka ga ruwa yana tasowa ta ramukan da ke wajen dugaduganka, ya kwanta a benen, yana gudu hagu da dama duk lokacin da ka motsa. Mutane za su ce maka ka toshe ramukan da marfin roba. Marfin yana da amfani a ruwa mai kwanciya, ni ma ina amfani da shi a ramukan da ke ƙarƙashin kujera. Amma idan igiyar ruwa ta haura ta zubo ciki alhali ramukan a toshe suke, ruwan ba shi da mafita, ka ƙara wa kanka nauyin da ke yawo daga gefe zuwa gefe, kuma shi ne mafi saurin kifar da jirgi. Wanda sai ya toshe dukkan ramuka kafin ya zauna a bushe, jirgin ya yi masa kaɗan ne kawai.

Sai maganar kujera, wadda a ganina ita aka fi mantawa da ita. Kujera tana da nata iyakar daban da ta jirgi. Hobie Pro Angler 14 yana ɗaukar kusan kilo 272, amma kujerarsa an ƙayyade mata kilo 159. Ƙaninsa Outback yana ɗaukar kusan kilo 193, kujerarsa kuma kilo 125. Ka lura, kai mai kilo 128 ka haura iyakar kujerar Outback duk da cewa lambar jirgin tana ba ka sha'awa. Ba kowane kamfani ne ke rubuta wannan a fili ba, don haka ka tambaya. Bayan nauyi akwai faɗi. Kujerun nan firam ne na ƙarfen alminiyom da aka ɗaure wa yadi mai raga. Idan ƙugunka ya fi tsakanin ƙarafan faɗi, za su riƙa danna maka cinya. A minti goman farko ba za ka ji komai ba, amma bayan awa uku ƙafa za ta fara mutuwa, ka kama gyara zama, kuma gyara zama a kan ruwa shi ne lokacin da ake faɗawa. Ka zauna a kujera mai tauri a gida, ka auna faɗin ƙugunka a zaune, sannan ka nemi faɗin tsakanin ƙarafan kujerar. Ka duba kuma yadda yadin yake lotsawa. Idan ka zauna ka ji mazaunanka suna taɓa sandar ƙasa ko benen jirgin, wannan kujerar ba taka ba ce.

Kujera mai tsayi tana yi wa gwiwa da baya daɗi, tashi tsaye ma ya fi sauƙi daga kanta. Sai dai mu masu jiki yawancin nauyinmu a ƙirji da ciki da kafaɗu yake, duk santimitar da ka ɗaga kujera ka ɗaga wannan nauyin gaba ɗaya, jirgin ya ƙara tangal-tangal. Ka nemi kujera mai hawa biyu. Kana tafiya ko iska ta taso, ka saukar da ita. Ka isa inda ruwa ya kwanta za ka yi jifa, ka ɗaga. Idan tana matsawa gaba da baya, ya fi kyau, domin da yawanmu bayan jirgin ne ke nutsewa, hancin ya ɗaga sama, iska ta riƙa kaɗa shi yadda ta so. Matsar da kujera gaba kaɗan, ko mayar da kula gaba, yana gyara wannan.

Game da faɗin jirgin, ga mai nauyinka ina ba da shawarar santimita 86 zuwa sama, wato inci 34. Idan kana son tsayuwa ka yi jifa, 91 zuwa 97 ya fi kwanciyar hankali. Amma faɗi ba shi kaɗai ba ne, siffar gindin ma tana da nata. Gindi mai kwari a tsakiya da tudu biyu a gefe yana zama daram a ruwa mai kwanciya, shi ya sa aka fi yin sa ga masu tafki. Gindi mai ɗan zagaye zai ba ka tsoro da farko domin yana rawa, amma idan ya karkata yana da inda yake cijewa, kuma ya fi iya hawa igiyar ruwa. Tunda tafki da kogi mai sanyi ka ambata, na farkon ya fi dacewa da kai. Tsawo kuwa, kada ka yi ƙasa da mita 3.7, wato ƙafa 12. Gajeren jirgi mai faɗi a ƙarƙashin mutum mai nauyi yana tura ruwa ne kawai, kowane bugun filafili hancin ya kaɗa gefe. Kuma da yake kai dogo ne, ka tabbatar matakan ƙafa suna ja gaba har gwiwarka ta ɗan lanƙwashe kaɗan, ba ta tokare ciki ba.

Filafili ya kai santimita 250 zuwa 260, in ba haka ba za ka yi ta buga yatsu a gefen jirgi. Jirgi mai feda yana raba ka da wannan, hannuwanka su zauna a kan fatsa, sai dai yana ƙara nauyi, kuma dole ka gwada ko cikinka da cinyoyinka suna barin ƙafa ta yi zagayenta.

Akwai abin da duk wannan yake jawowa, kuma gara ka sani tun yanzu. Jirgin da zai ɗauke ka shi ma mai nauyi ne. Irin waɗannan suna kamawa daga kilo 35 zuwa sama da 60, Pro Angler 14 da kayansa ya haura 60. Na san mutanen da suka sayi jirgi mai kyau ya ƙare a jingine a bango, ba don komai ba sai don wahalar ɗora shi a mota. Ka duba littafin motarka ka ga iyakar nauyin da rufinta yake ɗauka tana tafiya. Ka haɗa da ƙaramin keken jan jirgi mai tayoyi biyu tun ranar farko. Idan da hali, ƙaramar tirela ta fi komai sauƙi ga baya.

To, ga abin da ya fi duk wanda na faɗa muhimmanci. Kafin ka yi nisa da gaɓa, ka koyi komawa kan jirgin daga cikin ruwa. Mai jiki ya fi kowa shan wahala a nan, kuma jirgi mai faɗi da tsayin gefe, wanda muke yabo, shi ne ya fi wuyar hawa. Ka je inda ruwa ya ɗan wuce tsayinka, kusa da gaɓa, tare da wani, ka cire kaya, ka kifar da shi da gangan. Juyo da shi kansa aiki ne. Ka ɗaura igiya a marikin gefe ɗaya, ka jefa ta ta kan gindin, ka zagaya ɗaya gefen ka ja da nauyinka. Wajen hawa, kada ka yi ƙoƙarin ɗaga kanka sama kamar mai haura katanga, jirgin zai biyo ka ya sake kifewa. Ka bar ƙafafunka su taso saman ruwa ta baya, ka kwanta a miƙe, ka miƙa hannu ka kama ɗaya gefen, ka buga ƙafa da ƙarfi ka ja ƙirjinka bisa benen. A daidai nan ne aljihunan rigar kariya suke maƙalewa a bakin jirgin, musamman idan ka cika su da akwatunan ƙugiya da filaya. Ka rage abin da ke aljihun gaba. Idan cibiyarka ta kai tsakiyar jirgin, ka tsaya ka yi numfashi, sannan ka mirgina ka zauna, ƙafafu su shigo daga ƙarshe. Idan hannu ya gaza, igiya mai madauki da za ka taka tana taimakawa ƙwarai. Jirgin da ka kasa komawa kansa a ruwa mai ɗumi, ba ka gaji ba, kada ka kai shi tsakiyar tafki.

Rigar kariya ta manya da faɗin ƙirji ake zaɓarta, don haka ka auna ƙirjinka kafin ka saya. Ka nemi mai kumfa a saman baya kawai, domin kada ta riƙa tokarar jinginar kujera. Ka ɗaure ta, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta haura har kunnuwanka, a ruwa ma haka za ta yi, kuma wannan yana yawan faruwa ga wanda cikinsa ya fi ƙirjinsa faɗi. Mai ɗamara a ƙasa ko mai igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi tana magance shi. Kuma a jiki ake sa ta, ba a bayan kujera ba. Anka ma kada ka taɓa ɗaure ta a gefen jirgi inda ruwa ke gudu, ta hanci ko ta baya ake sakinta.

Idan mai sayarwa zai bari ka gwada a ruwa, ka tafi da kayanka na gaske ko jarkokin ruwa masu nauyinsu. Ka zauna, ka duba ramukan nan, ka juya ka ɗauko abu daga baya, ka zuro ƙafafu biyu ta gefe ɗaya, ka sa wani ya ɗauke ka hoto daga gefe don ka ga yadda bayan jirgin ya zauna. Idan na hannu za ka saya, ka juya shi ka duba gindin ko ya lotsa saboda zafin rana da ɗauri, ka haska tocila cikin ramukan ka nemi tsagewa, domin nan ne nauyi yake fara yi wa illa.

Ka turo mana faɗin ƙugunka a zaune, da irin motar da za ka riƙa ɗaukarsa da ita, da ko kana son tsayuwa wajen jifa. Da waɗannan ukun zan iya taƙaita maka zaɓin zuwa jirage biyu ko uku. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare.