Gidan Gorar Roba da Tsohon Katako: Ina Ake Rage Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a Rikkos, amma kuɗin bulo da katako ya fi ƙarfina. Shin gini da gorar ruwa ta roba yana ƙarko? Kuma wani maƙwabcina zai sayar mini da katakon tsohon rufinsa, in saya? — Mai karatu, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana ƙarko, in an yi shi yadda ya kamata. Tun 2011 aka gina irin wannan gida a ƙauyen Yelwa da ke jihar Kaduna.

Ka tara gorori masu girma ɗaya, da murafensu. A cika kowace da busasshen yashi da aka tankaɗe, ana zubawa ana dannawa da sanda, har sai ka matsa ta da yatsa ba ta lotsa ba. Yawanci a nan ake ɓata aiki: yashi mai danshi ko wanda ba a danna ba yana barin gurbi, nauyi na hawa gorar ta lotse, bango ya tsage. A jera su a kwance, bakinsu na duban gefe ɗaya, a ɗaure wuyansu da igiyar nailan, a cike tsakaninsu da kwaɓin siminti awo 1, yashi awo 6. Kada a ɗaga bangon da tsawo a yini guda, domin roba tana da santsi, layin ƙasa zai zame kafin kwaɓin ya kama.

Fandisho da ginshiƙan kusurwa da linta kuwa, da kankare da rodi za a yi su, babu rangwame. Fulasta ma dole ce, saboda rana tana busar da roba har ta riƙa karyewa. A kafa ragar waya kafin a yaɓa, in ba haka ba fulastar na iya ɓantarewa da damina.

Katakon maƙwabcinka, kada ka biya sai ka je da kafinta. Ku ƙwanƙwasa kowane ɗaya: wanda ya yi amo kamar ganga, gara ta cinye cikinsa. Wanda ke zubar da gari ta ƙananan ramuka, ƙwaro na ciki. Ku soka ƙusa a bakinsa, in ta shige ba wahala ya ruɓe. Mai kyau, a cire ƙusoshinsa duka, a yanke bakin da ya tsage, sannan a shafe shi da Solignum, maganin kare katako daga gara da ruɓewa, sau 2, musamman wurin yankan. Tsohon madaci ya fi sabon katako mai laushi nesa ba kusa ba, sai dai ya bushe ƙwarai, don haka a huda shi kafin a buga ƙusa, kar ya tsage.

In a cikin katakon akwai wanda aka taɓa zuba kankare a kansa, wannan ya sha ruwa, ya sha ƙusa. A bar shi a aikin silin. Abin da bai isa ba na 2x4 da 2x6 masu ɗaukar rufi, ka ciko a kasuwar Katako. Kuma ka tabbatar an ɗaure katakon kan bango da rodin da aka dasa cikin kankare, saboda iskar farkon damina.