Hukuncin Mayar da Wasan Kwamfuta Sana'a Irin ta Uzi Ɗan China

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena ne, shekararsa 17, yana hannuna tun rasuwar mahaifinmu. Ya kamu da wani wasan kwamfuta, League of Legends, har ya ce ba zai ci gaba da karatu ba, shi ƙwararren ɗan wasa zai zama kamar wani ɗan China da ake ce wa Uzi. A kan wasan yake kwana, tashinsa da asuba sai an yi da gaske. In na yi magana ya ce ai sana'a ce, har albashi ake biya. Malam, wannan sana'a halal ce? Kuɗinta fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya, ɗan'uwa, ya shirya mana zuriya.

Asalin wasa halal ne, matuƙar babu nassin da ya hana shi. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Wanda nassi ya hana kai tsaye shi ne nardu, wasan da ake jefa ƙwayoyi masu lamba, domin kan sa'a ya dogara, kuma hadisinsa yana cikin Sahihu Muslim. Wasan da ƙanenka yake yi kuwa mutum biyar ne suke karawa da biyar, da dabara da saurin hannu da haɗin kai, don haka ya fi kusa da shaɗaranji, wato wasan dara da ake kira chess, wanda malamai suka saɓa a kansa. Imamu Malik ya ce babu alheri a cikinsa, ya ƙi shi. Shafi'iyya suka tsaya kan karhanci in babu caca kuma bai shagaltar daga farilla ba. Ka lura, ko masu sassauci da sharaɗi suka sassauta. Sannan irin waɗannan wasanni ba su rasa kiɗa, da surar mata cikin shigar da ba ta dace ba, da labaran alloli da tsafi. Musulmi yana kashe abin da zai iya kashewa, ya kauce wa abin da zai iya kauce wa, in kuwa munkarin ya rinjayi wasan to barinsa ya wajaba.

Sai maganar kuɗi, kuma kashi biyu ce. Albashin da ƙungiya take biyan ɗan wasa ijara ce, wato ladan aiki, hukuncinta yana bin hukuncin aikin. Kyautar gasa ita ce mai saɓani, saboda hadisin Abu Huraira da ya taƙaita kyautar tsere ga raƙuma da dawaki da harbi. Mafi yawan magabata sun tsaya a kan ukun nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Doha a 2003, ta halatta gasa mai kyauta da sharuɗɗa: manufarta da hanyarta su zama halal, kada kyautar ta fito daga aljihun dukkan masu fafatawa, ta cim ma wata manufa da shari'a ta yarda da ita, kuma kada ta jawo barin wajibi ko aikata haram. A kan wannan, kyautar da kamfani ya sa daga aljihunsa tana da mafita a wurin wasu malamai. Amma 'yan wasa su haɗa kuɗi wanda ya ci ya kwashe, kamar yadda samari suke yi a shagunan gem, wannan caca ce tsantsa, ayar Suratul Ma'ida da ta haramta caca ta hau kanta. Haka ɗaukar tallan kamfanin caca a riga, ko sayar da wasa; sayar da wasan ne ya sa aka dakatar da 'yan wasa da dama a China a 2021.

Yanzu mu zo kan mutumin da yaron yake koyi da shi, domin a nan hujjata ta fi ƙarfi, kuma ina so ka zaunar da shi ka karanta masa. Sunansa Jian Zihao, an haife shi a 1997. Ya shiga ƙungiyar Royal Club a 2012 yana ɗan shekara 15. Ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2013 da 2014, duka biyun aka doke su. A 2018 ya ci babbar gasar tsakiyar kaka da ƙungiyar RNG a Paris, ya kuma ci zinare da tawagar China a wasannin Asiya na Jakarta. Iyakar abin da ƙanenka ya gani ke nan. Ga abin da bai duba ba: a watan Yunin 2020, yana da shekara 23 kacal, Uzi ya sanar da ajiye wasa. Shi da kansa ya bayyana cewa ciwon suga ya kama shi, ya danganta shi da damuwa da ƙiba da rashin cin abinci a kan kari da raba dare, ga kuma ciwon hannu da ya daɗe yana fama da shi. Ya sake dawowa a 2022 da 2023, amma kofin duniya bai taɓa shiga hannunsa ba. Wannan fa gwani ne cikin gwanaye, a ƙasar da take da ƙungiyoyi masu kuɗi da masu horarwa da likitoci. Raina yana sosuwa in na tuna dubban yaran da suka bar makaranta suka bi sahunsa, ba wanda ya san sunansu.

Kuma ita Chinar, wadda ta amince da wannan wasa a matsayin sana'a, ita ce a watan Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Da ƙanenka a can yake, awa uku ke gare shi a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka.

Jiki amana ne. Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In an hana mutum cutar da jikinsa saboda nafila, ina ga wasa?

Saboda haka ban ce sana'ar haram ce a zatinta ba. Baligin da ya samu kwantiragi mai tsafta, yana salla a kan lokaci, ya tsira daga caca da munkari, bai cutar da lafiyarsa ba, albashinsa halal ne a ra'ayin da na rinjayar, ko da yake cika waɗannan sharuɗɗa yana da wuya ƙwarai. Amma halin da ƙanenka yake ciki hukuncinsa a fili yake: wasan da yake fitar da sallar asuba daga lokacinta haram ne a kansa har sai ya gyara, kuma kai waliyyinsa bai halatta ka yarda ya bar karatu saboda kwantiragin da babu wanda ya yi masa tayinsa ba.

Kada ka fasa kwamfutar, kada ka kunyata shi a gaban abokansa, maraya ne. Ka yanka masa lokaci da rana, bayan karatu, a kashe na'ura bayan isha'i, ku riƙa fita masallaci tare da asuba. Tunda hannunsa ya faɗa da kwamfuta, ka nema masa inda zai koyi rubuta manhaja ko zanen wasannin kansu. In ya yi wata uku ya kasa riƙe wannan tsari, ka kai shi ya ga likita.

Wallahu a'alam.