Kayan kariya ga mai fargabar hawan keke a kan duwatsu

Ɗan'uwa, ka ce za ka fara zuwa Glentress, dajin da ke da hanyoyin hawan keke a Sikotlan, amma tsoron faɗuwa ya cika maka ciki, kana tambayar abin da za ka saya.

Fara da hular kwano mai lambar EN 1078 (alamar ingancin hular keke ta Turai), wadda ta rufe har ƙeya. Ta zauna yatsu biyu sama da gira, maɗaurin haɓa kuma ya kama sosai. In ta taɓa buguwa da ƙarfi, canza ta ko ba ka ga tsagewa ba, domin kumfar ciki sau ɗaya take shanye bugu.

Sai makarin gwiwa da safar hannu mai rufe yatsu. Gwada makarin kana tsugune. Wanda ya yi sako-sako zamewa yake yi daidai lokacin da ka faɗi. Rigar sulke kam bar ta tukuna, zafi kawai za ta ƙara maka.

Da launi ake nuna wahalar kowace hanya: tsaya kan koriyar hanya da shuɗiya masu sauƙi, ja da baƙa masu wuya su jira. Sauke sirdi kafin gangara, ɗora yatsa ɗaya kan kowane birki. A Birtaniya birkin gaba yana hannun dama, kuma damƙe shi farat ɗaya ne ke wurga mutum gaba.