Taransifoma a Madadin Boliyom: Amsoshin Wannan Mako

Wasiƙun wannan makon sun karkata wajen kayan sauti, har huɗu daga ciki suka haɗu a kan abu ɗaya, shi ya sa na jera su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo ne a Kaduna. Na haɗa amfilifaya da hannuna, ina ba ta sauti daga kwamfuta ta hanyar DAC, na'urar da ke mayar da sautin dijital ya zama siginar da amfilifaya ke karɓa. Idan na rage murya sosai, sifikar hagu tana riga ta dama yin shiru, kuma sautin sai ya dushe. Na ga masu haɗa kayan sauti a ƙasashen waje suna cire boliyom su sa wata taransifoma da suke kira TVC. Mece ce ita, kuma za ta yi mini maganin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Matsalarka biyu ce, kuma kowacce da asalinta.

Boliyom ɗin da muka saba da shi razista ne mai zamiya. A cikinsa akwai layin kabon guda biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma a masu arha layukan nan ba sa zuwa daidai, musamman a farkon murɗawa. Shi ya sa ɓangare ɗaya yake riga ɗaya mutuwa. Wannan ita ce ta farko.

Kafin ta biyu, bari in nuna maka TVC da abin da ke ɗakinka. Ka san sitabilaiza, wadda ke ƙas-ƙas idan wuta ta yi ƙasa. A cikinta naɗin waya ne guda mai rassa da yawa, ƙarar da kake ji kuwa rile ne yake tsallakawa daga wannan reshe zuwa wancan. To TVC haka take, sai dai sauti ne ke bi ta cikinta maimakon wutar NEPA, kuma hannunka ne ke zaɓen reshe da makunni mai juyawa, galibi mai mataki 24, tsakanin mataki da mataki kusan desibel 2 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A ce naɗin farko zagaye 2,000 ne. Reshen da aka fitar a zagaye 1,000 zai ba ka rabin ƙarfin, wato an rage desibel 6. Na zagaye 200 ya rage desibel 20, na zagaye 20 ya rage 40. Tunda ƙidayar zagaye ce ke yanke hukunci, in dai an naɗa ta hagu da ta dama adadi ɗaya, ba yadda za a yi ɗaya ta riga ɗaya.

Inda ta fi burge ni shi ne maganar turjiya. Boliyom na razista yana tare sauti ne ya zubar da ragowar, kuma yana ƙara wa hanyar turjiya. Mai 100k, wato om 100,000, a wurin da ya fi muni, yana fitar da sauti ta bayan turjiyar om 25,000. Wayar sauti kuma tana da halin kafasita, kusan fikofarad 100 a kowace mita. Haɗa om 25,000 da waya mai mita biyar, lissafi zai nuna maka siririn sauti ya faɗi da desibel 3 tun a wajen 12,700 Hz. Wannan kan dushe sauti, sai dai ya fi tsanani ne inda aka rage desibel 6 kacal, ba a can ƙasan murya ba. Taransifoma akasin haka take yi. Idan ta rage ƙarfi sau goma, turjiyar tana raguwa sau ɗari, domin ninkin lissafin take bi. DAC mai fitarwa da om 200 sai ta koma kamar mai om 2, a ɗora ɗan abin da tagullar naɗin ta ƙara. Wato duk sanda ka rage murya, ƙarfin tura doguwar waya ƙaruwa yake yi. Wannan ba tallar 'yan kasuwa ba ce, abu ne da ake aunawa a gani.

Sanannun masu yin ta ba su da yawa. Akwai Stevens & Billington a Ingila, masu TX-102 da ta yi suna sosai wajen masu haɗa kaya da kansu, akwai Sowter su ma a Ingila, akwai Silk daga Tailan, sannan Dave Slagle na Intact Audio a Amurka, wanda ya shahara da mai naɗi ɗaya irin na sitabilaiza. Guda biyu kake buƙata, ta hagu da ta dama, kuma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne kafin a zo maganar makunni da akwati da kuɗin kawowa.

Saboda haka ga shawarata tsakani da Allah. Duba bayan boliyom ɗinka. In 100k ko 50k aka rubuta, cire shi ka sa mai 10k na kirki, irin Alps RK27, ka gajarta waya zuwa mita ɗaya. Da mai 10k, ko da wayar mita biyar ɗin ce, faɗuwar ba ta kai desibel 3 sai wajen 127,000 Hz, can nesa da inda kunnen ɗan Adam yake tsayawa. In rashin daidaiton hagu da dama bai tafi ba, sayi makunni mai mataki 24 ka jera masa razistoci masu kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari. Aikin yini guda ne da dalma, kuma ya kashe matsalar gaba ɗaya. Sai ka yi waɗannan ka zauna da su wata guda, sannan ka san ko ranka yana son TVC don kanta ko kuwa boliyom marar kyau ne ya dame ka.

TAMBAYA: Malam, sana'ata rewayin ce, fanka da injin ruwa da sitabilaiza. Zan iya naɗa irin wannan da ƙarfen tsohuwar sitabilaiza?

AMSA: Wannan tambaya ta faranta mini rai, domin hannun da ya saba ƙidaya zagaye ya riga ya yi rabin tafiya. Amma ƙarfen ne zai ba ka wahala.

Taransifomar wuta amo ɗaya ta sani, 50 Hz, kuma da ƙarfin bolt 230 ake tura ta. Ta sauti dole ta ɗauki komai daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma wani lokacin abin da ke shigarta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba. Ƙarfen sitabilaiza ba ya amsawa da kyau ga ɗan mitsitsin sigina irin wannan. Shi ya sa ake amfani da gaurayen ƙarfe mai nikel kusan kashi 80, wanda ake kira famaloi. Gustav Elmen ne ya samar da shi a Amurka a 1914 don harkar tarho, inda su ma raunin sigina ne ya dame su.

Abin da ake nema daga ƙarfen shi ne yawan henri, wato ma'aunin yadda naɗi ke tara maganaɗisu. Naɗi mai henri 100 yana tsaya wa sautin 20 Hz a matsayin om 12,600, kowace na'ura za ta tura shi cikin sauƙi. Mai henri 10 kuwa om 1,260 ne kacal, sai bes ya rame kuma ya gurɓace, musamman in na'urar da ke ba ta sautin mai kwalba ce, irin ta tsohuwar rediyo, wadda turjiyarta ke da yawa. Za ka ce to a ƙara zagaye. Da ka ƙara, wayoyin da ke kwance kan juna sai su zama kafasita, siririn sauti ya lalace ta can sama. Gwanintar masu wannan aiki duka tana tsakanin waɗannan biyun: yadda ake raba naɗin kashi-kashi, da kaurin waya, da abin da ake shimfiɗawa tsakanin layi da layi.

Ga wani abu kuma da sai mai naɗi zai gane shi. A ƙasan matakala, inda murya ta yi ƙasa sosai, reshe yana iya zama zagaye 10 ne kawai. In ka yi 11 a ɗaya ɓangaren, bambancin ya kusa desibel ɗaya, kuma kunne zai ji mawaƙi ya karkata gefe.

Ban ce kada ka gwada ba. Fara da mai naɗi ɗaya, mataki goma sha biyu, ka ba ta sauti daga na'ura mai ƙaramar turjiya. In kana son ganin 'yar'uwarta, buɗe taransifomar layin bolt 100 da ake haɗawa da lasifikar masallaci, za ka ga rassan nan an rubuta musu wat-wat. Tunani ɗaya ne, sai dai ita maganar mutum aka yi ta dominta, ba ta damu da zurfin bes ba. Idan kuma wata rana mai nikel ta shigo hannunka, kada ka ɗora mata mita a wajen auna om. Wutar batirin mitar tana iya bar wa ƙarfen maganaɗisu, sai an sha wahala a wanke shi.

TAMBAYA: Zan iya haɗa wayata kai tsaye da TVC zuwa amfilifaya?

AMSA: Za ka iya, amma ka sani ba ta ƙara ƙarfi, ragewa ne aikinta. Na'urar CD da yawancin DAC na tebur bolt 2 suke fitarwa, wayoyi da yawa kuwa ba sa wuce bolt ɗaya, wasu ma rabi. Amfilifaya da dama sai ta sami bolt ɗaya zuwa ɗaya da rabi take cika. Wasu TVC suna da reshen ƙarin desibel 6, sai dai shi yana ninka turjiya sau huɗu. A wurinka, ƙanena, ka bar boliyom ɗin wayar ya yi aikinsa. Kowane desibel 6 da aka rage a lissafin dijital kamar an cire bit ɗaya ne, amma na'urorin yanzu da bit 24 ko 32 suke lissafin, akwai rara mai yawa.

TAMBAYA: Da zarar na sa cajar laftof, sai sifika ta kama gurnani da tsiwa. An ce mini TVC na kashe shi. Gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne ga iri ɗaya, ba gaskiya ba ne ga ɗayan. Gurnanin yana biyo wayar ƙasa da ta haɗa laftof da amfilifaya. TVC mai naɗi biyu, na shiga daban na fita daban, ba tagullar da ta haɗa su, maganaɗisu kaɗai ke tsallakar da sautin, don haka hanyar gurnanin ta yanke, muddin ba ka sake haɗa ƙasan ɓangarorin biyu a jikin akwati ba. Mai naɗi ɗaya ba ta yin wannan ko kaɗan. Kuma in wannan ce kaɗai damuwarka, 'yar ƙaramar taransifomar raba layi, mai ɗaya-da-ɗaya, ta wadatar, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na TVC ba. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne karya ƙafar ƙasa ta filogi don gurnani ya tafi. Ƙafar nan ranka take karewa.

Ita ma TVC tana da nata gurnanin. Ƙarfen da ke jin ƙaramin sigina yana jin maganaɗisun maƙwabta. Ranar da na fara haɗa tawa, na ɗora akwatin a kan amfilifaya, daidai saman babbar taransifomar wuta. Ina kunnawa sai ga ƙugi mai kauri a sifika biyun, ko da ba a sa waƙa ba. Na bi haɗin dalma kusan hamsin ɗaya bayan ɗaya da tabarau a hanci, na sake narka waɗanda ban yarda da su ba, har aka kira magariba ban sami komai ba. Da na dawo daga masallaci na ɗaga akwatin zan juya shi in duba ƙasansa, yana barin saman amfilifayar da kamar taƙi ɗaya sai ƙugin ya ragu, na matsar da shi gefen tebur ya ɗauke ɗif. Tun daga ranar, kafin in ɗaure kowace taransifomar sauti da kusa, sai na kunna kayan na riƙe ta a hannu ina jujjuya ta a hankali, inda ta fi yin shiru nan nake huda ramin. Ka nisanta ta da sitabilaiza da inbata da cajar laftof ɗin kanta, aƙalla kamu ɗaya, kuma in za ka saya, nemi wadda aka rufe cikin gwangwanin ƙarfen nikel.