Zumar tsibiri da ke kumfa a jarka: amsar tambayarka

Ɗana, na ga saƙonka da hoton jarkar, wadda kace ka cika ta da zuma sati uku da suka wuce yanzu ta kumbura, da ka buɗe murfi ta yi tsiii, kumfa a sama ga warin tsami, kana tambaya ko ƙudan zuman tsibirin Pemba na Tanzaniya ne basu iya zuma ba ko kuwa cuta ce ta shiga amyar. Toh ba ko ɗaya, ruwa ne ya yi yawa a cikinta, kuma hannun da ka koya a wajena a nan gida ne ya kai ka, don haka zauna in maka bayani.

Kaga mu nan Arewa iska ce ke mana rabin aikin. Lokacin da ɗorawa da kaɗanya ke fure, ƙarshen hunturu zuwa bazara, iskar a bushe take ƙamas, ko ka yi gaggawa ka yanko saƙar da ƙudan basu gama rufewa ba sau da yawa ka tsira. Can kuwa teku ne ya kewaye ka ta ko'ina, ba banza Larabawa suka sa wa Pemba suna koren tsibiri ba, wata huɗu na yi a wajen garin Wete na tsibirin tare da masu kiwon zuma kuma ko rigar da na shanya sai ta kwana bata bushe ba. Ita zuma jan danshi take daga iska, in laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100 ka bar bokiti a buɗe, ruwa take sha kana kallo baka sani ba. Ƙa'idar cinikin zuma ta duniya kada ruwan cikinta ya wuce kashi 20, amma ni bana kwantar da hankali sai na ga 18 ko ƙasa, don daga nan zuwa sama yis ɗin (irin wanda ke kumbura burodi) da dama yana cikin kowace zuma sai ya farka ya fara cin sukarin, shine kumfar da ka gani, kuma hanyar zama giya ta kama.

Sannan kace amyoyinka na kusa da mikoko, itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri a bakin teku. Zumarsu daɗi gareta wallahi, da ɗan gishiri gishiri a ƙarshen harshe, masu yawon buɗe ido a Zanzibar suna saye da tsada, amma dama can tsinkakkiya ce, bata da kaurin tamu, har wadda ƙudan suka rufe da kaki wani lokacin zaka auna ka samu ta wuce 20. Shi yasa maganar da na saba gaya maka ta in kashi uku cikin huɗu na saƙar ya rufu a yanka, a can ka ajiye ta gefe. Sai wadda ta rufu duka, fara tas. Wadda kake shakka ka riƙe ta a kwance ka girgiza sau ɗaya da ƙarfi, in ta ɗiga ko ɗigo biyu ne maida musu abinsu basu gama ba. Kuma dan Allah ka nemi ɗan ma'aunin nan rifiraktomita, kamar ƙaramar tocila yake, ɗigo ɗaya zaka sa ka leƙa ta haske ya nuna maka ruwan, kuɗinsa bai kai asarar jarkar nan guda ba.

Lokacin ɗiba ma ka gyara. Babbar daminarsu, masika, daga Maris zuwa Mayu ce, ƙaramar kuma vuli wajen Oktoba zuwa Disamba, kada ka taɓa zuma a tsakiyarsu ko washegarin ruwa, jira a samu kwana uku huɗu na rana. In ka kwaso saƙar kada ka matse nan take, jera ta a ƙaramin ɗaki rufaffe ka kunna fanka, in Allah ya hore injin tsotse laima ko AC to ya fi, kwana biyu zuwa uku, don ruwa ya fi saurin fita tana cikin saƙa akan bayan ta taru a bokiti. Ka tace, ka zuba a mazubi busasshe, ka cika shi har wuya ka rufe gam a ranar. Wuta kuwa kada ka kai ta, na san akwai masu dafawa don ta yi kauri, ƙamshin ne ke tafiya ta yi baƙi, mai saye da ya san zuma yana lasa zai gane.

Wadda ta riga ta yi tsamin bata dawowa. Kada ka gauraya ta da mai kyau, kada ka sayar wa mutane a matsayin zuma, kuma kada ka maida wa ƙudan, zawo zata sa su.

Na kuma lura a hoton ka cusa akwatunan ƙarƙashin itatuwan kanumfari cikin duhuwa, na gane, inuwa kake nema musu kamar yadda muke yi a gida saboda rana kan narkar da saƙa. Can iska zaka nema musu da hantsi. Fito da su inda ranar safe ke bugun ƙofa, ɗaga su kamar mita ɗaya daga ƙasa, ka ɗan karkata su gaba don ruwa ya zube waje, rufin kwanon ya zarce jikin akwatin. Kanumfarin ma kada ka sa masa rai sosai, tun yana toho bai buɗe ba ake tsinke shi, abin da ya tsere wa masu tsinka kaɗai ƙudan ke samu, kwakwa ce ke riƙe su don ita kusan duk shekara tana fure. Ƙafafun teburin ka sa su cikin gwangwani da baƙin mai ko ka rataye akwatin da waya ka shafa giris, kwarkwasar can da suke kira siafu dare ɗaya take tashin amya. In ƙudan basu da yawa ka rage musu faɗin akwati da katako, saƙar da basu rufe da jikinsu ba asu ne da fumfuna zasu cinye. Ka ajiye musu ruwan daɗi a kwano da 'yan tsakuwa, tunda na kusa da su duk na gishiri ne.

Batun da ka kawo a ƙarshe na ko a samo maka sarauniyar ƙudan zuma ko tsofaffin akwatuna daga wani wuri a tsallako da su, wannan kam a'a, ina roƙonka. Tsibiri ruwan da ya kewaye shi ne katangarsa, in cuta ta tsallaka babu inda ƙudan zasu gudu. 'Yar jar kaskar nan varroa mai maƙale wa ƙudan zuma ta shiga tsibiran Hawaii a 2007, Madagaska a 2010, Morishas a 2014, Reyuniyon a 2017, kuma a Madagaska mutane da yawa sun rasa amyoyinsu. Ƙudan bakin tekun da ke wajenka sun saba da laimar wurin, shafa kaki a sandunan akwatin da babu kowa ka goga masa ciyawar lemun tsami ka rataye, da kansu zasu shigo. In ka samo ma'aunin ka auna amya uku daban daban ka turo min lambobin, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe kafin ka ɗiba.