Kare na firgita da tsawa: wane magani za a ba shi, kuma daga hannun wa?

Damina ta kankama, wasiƙun wannan makon kuwa sun karkata wuri guda: karnukan gadi da ke rikicewa da zarar hadari ya haɗo. Masu tambaya a kan batirin sola da injin markaɗe su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, maigidana direban tirela ne, ba mazauni ba, shi ya sa ya ajiye mana kare don gadi. Tun farkon daminar nan, da iska ta taso sai karen ya hau karkarwa, yana haki, yawu na dalala. Daren Talata ya yi ta kartar ƙofar kejinsa har faratansa suka yi jini. Maƙwabcinmu ya ce haukan kare ne, a kashe shi kafin ya ciji yara. Wallahi na kasa barci. Hauka ne, ko akwai maganin da zan saya? Daga wata uwargida, Barnawa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Da gari ya waye, sama ta washe, ya ci abincinsa? Ya taho yana kaɗa miki bindi yadda ya saba? In haka ne, tsoro kika gani. Ciwon haukan kare ba ya zuwa da hadari ya tafi da hadari. In alamunsa suka bayyana kullum gaba yake yi: kare ya sauya hali, ya kasa haɗiya, jiki ya shanye, kuma da wuya ya haura kwana 10 da rai. Naki ya yi makonni yana wannan abu, kuma sai in sama ta yi ruri. Duk da haka ki duba katin rigakafinsa, in shekara ta zagayo a sake masa allura. In kuwa a cikin ruɗewa ya yakushi wani ko ya cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti, kada a tsaya shawara da maƙwabta.

Ba lalataccen kare aka sayo muku ba. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan karnuka sama da 13,000 a ƙasar Finlan ya nuna kusan kashi 32 cikin 100 suna firgita da ƙara. Ke nan kusan ɗaya cikin kowane uku.

Kafin a kai ga magani, ki je ki dubi kejin nan. Na tabbata na ƙarfe ne, rufin kwano, a tsakar gida. Kin san yadda ruwa ke dukan kwano a ɗakin da ba silin har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, ga shi kunnen kare ya fi naki ji nesa ba kusa ba, ga walƙiya na haska shi ta ko'ina, ga ba hanyar gudu. Hadarinmu kuwa ba ya zuwa a ɓoye: gabas za ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, sannan ruwa ya sauko. A wannan tazarar za ki kwance shi ki kai shi sito ko gareji, ko wani ɗaki mai silin da ba taga babba, ki shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo, ki ajiye ruwa, ki kunna rediyo. Kada a bar shi a sarƙa. Kare mai firgici yakan yi tsalle ya haura katanga da sarƙa a wuya, da safe a tarar da shi a rataye. Karnuka da dama wannan sauyin wurin kaɗai ya wadatar da su.

In bai wadatar ba, to wanda ya kai ga fasa faratansa ya cancanci magani, kuma magungunan iri biyu ne. Akwai na ranar hadari, irin su alprazolam da trazodone, wani lokaci likita ya haɗa da gabapentin ko clonidine. Waɗannan sai an ba da su kafin tsoro ya kama shi: alprazolam na son rabin awa zuwa awa guda, trazodone kuwa awa ɗaya zuwa biyu. Wanda ya jira aradu ta faɗi sannan ya tashi neman ƙwaya da tocila ya makara. Akwai kuma na kullum, irin su fluoxetine da clomipramine, masu ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu. Waɗannan tun cikin bazara ya kamata a fara su, kuma ba a yanke su farat ɗaya. A wani gwaji da aka buga a 2003 daga Jami'ar Jojiya ta Amurka, an haɗa clomipramine da alprazolam da horo, karnuka 30 cikin 32 da suka kammala suka samu sauƙi. Ki lura, har da horo a ciki.

Duk wanda likita ya rubuta, ki fara gwada shi ranar da sama take garau, kina gida, yara na nesa. Wasu karnukan alprazolam da danginsa ƙara musu zumuɗi suke yi, wasu kuma ya cire musu shakkar da ke hana su cizo. A karen gadi, cikin gida mai ƙananan yara, wannan ba abin ganowa ba ne da tsakar dare. Ki kai shi asibitin dabbobi a nan Kaduna, in kuma kina da hali, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba nisa. Maƙwabcin kuwa ki gaishe shi, ki ce an gode.

Tambaya: Na je kemis na faɗa wa mai shagon matsalar karena, irin na 'yan sanda ne, ya ba ni baliyam da tiramol mai 225, ya ce in saka a cikin nama. Guda nawa zan ba shi? Daga wani matashi, Kano.

Amsa: Ko ɗaya, ƙanena. Kuma tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, sai ka zauna ka saurara.

Mai kemis ɗin nan ya ga karen? Ya ɗora shi a sikeli? Ya san ko yana da ciwon hanta ko na zuciya? Maganin kare da nauyinsa ake auna shi, kilo bayan kilo, kuma ma'aunin kare dabam yake da na mutum. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin na rubuta adadin ƙwaya a wannan fili ba, komai naci. Tiramol maganin ciwo ne, ba ya cire tsoro, yana kuma iya jawo farfaɗiya. In ya haɗu da trazodone ko fluoxetine a jiki guda, kare na iya kama zazzaɓi da makyarkyata har ta kai ga rasa rai. Sannan mai miligiram 225 ɗin da ka riƙe, hukumar NAFDAC ba ta amince da shi ba, mai 50 da mai 100 ta sani. Abin da ya shigo ƙasa ta ɓarauniyar hanya, wa zai rantse maka a kan abin da ke cikinsa? Baliyam kuwa, wato diazepam, likitoci na amfani da shi ga kare, amma magani ne da doka ta ce sai da takardar likita. Shagon da ya miƙo maka shi don kawai ka ce karenka na tsoron tsawa, zai miƙa wa ɗan shekara 15 in ya zo da irin wannan labari. Mun ga abin da kodin ya yi wa 'ya'yanmu kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Ni tsoron da nake ji ma ba na karen kaɗai ba ne. Ƙwayar da aka ajiye a kan taga da sunan kare, ta iya ƙarewa a aljihun yaron gida.

Abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu shi ne lissafi. Mutum zai sayi ɗan kwikwiyo da kuɗin da ya kusa sayen babur na hannu, ya yi masa keji, ya riƙa bin mahauta da masu sayar da kaji yana tara masa ƙashi da kai da ƙafa, amma kuɗin ganin likita, wanda bai kai abin da yake zuba wa janareta a mako ba, shi ne zai tsaya yana taya wa. Araha ba ta ado. Daga nan sai a kira mai allurar kare, wanda ke yawo a babur da jaka, ya zaro kwalba ba takarda a jikinta, ya tsira wa dabba, ta zube warwas, maigida ya ce kai, wannan mutum ya san aiki.

Zubewa warwas ba samun sauƙi ba ce. Akwai wani tsohon magani, acepromazine, da aka daɗe ana ba karnuka a irin wannan hali. Yana kashe jiki, amma ba ya taɓa tsoron, har masana halayyar dabbobi na cewa yakan ƙara wa kunne jin ƙara. Kamar wanda dannau ya danne ne: yana ji, yana gani, ya kasa ko ɗaga hannu. Kai ka samu barci, shi kuwa ya kwana cikin firgici, hadari na gaba abin ya fi na baya muni. Don haka in an yi wa karenka allura ko an ba shi ƙwaya, ka tambayi sunanta, a rubuta maka. Ka tambayi mai yin allurar ko yana da rajista da hukumar kula da aikin likitocin dabbobi ta ƙasa. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Tunda ana maganar akwatin maganin gida: ibuprofen na huda cikin kare, yana lalata ƙoda. Farasitamol na iya lalata masa hanta in aka yi kuskuren awo, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Gabapentin na ruwa da aka yi don mutane, wani yana ɗauke da sinadarin zaƙi mai suna xylitol, wanda guba ne ga kare. Ka mayar wa mai kemis kayansa, in ya ƙi karɓa ka kai wa likitan dabbobi ya san yadda zai yi da su.

Tambaya: Na ga ana tallar Sileo a Instagram da sauƙin kuɗi, an ce shi ne na musamman don tsawa. In saya? Daga wata ma'aikaciya, Abuja.

Amsa: Maganin na gaskiya ne, tallar ce ban yarda da ita ba. Sileo wani man shafawa ne mai ɗauke da dexmedetomidine, kamfanin Orion na Finlan ya ƙirƙiro shi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015 don karnuka masu tsoron ƙara. Yana zuwa a sirinji marar allura, a matsa shi tsakanin kunci da dasashi, jiki ya tsotse ta nan. In kare ya haɗiye, an yi asara. Aikinsa awa 2 zuwa 3 ne, ana sa safar hannu, mai juna biyu ba ta taɓa shi, ba a kuma ba kare mai ciwon zuciya, hanta ko ƙoda mai tsanani. A 2017 hukumar ta yi gargaɗi saboda masu karnuka na zarce awo don ba su kulle zoben sirinjin da kyau ba. Wannan fa a ƙasar da likita ke nuna wa mutum yadda ake yi. Kayan da ake sayowa da dala, da takardar likita, in kin gan shi da arha a hannun wanda jiya takalma yake talla, to ko jabu ne, ko ya gama aiki, ko ya kwana a rana a bayan mota. Ki bi ta hannun likita, ki duba ranar ƙarewa da kanki.

Tambaya: Piriton fa? Ai yana sa barci. Daga Gusau.

Amsa: Maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Zai iya sa shi gyangyaɗi, tsoron na nan daram. Koma sama ka karanta abin da na ce a kan barci.

Tambaya: Rigar nan mai matse jiki, ThunderShirt, da abin wuya na Adaptil, sun cancanci kuɗinsu? Daga Jos.

Amsa: Ba sa cutarwa, wasu karnukan suna ɗan samun sauƙi da su, amma hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi, kuma ba za su riƙe karen da ke fasa ƙofa ba. Kafin ka kashe kuɗi a rigar, sa masa tsohuwar singileti mai ɗan kama jiki ka ga ko zai nuna bambanci. Abin wuyan, wanda ke fitar da wani sinadari da aka ce yana kwantar wa kare hankali, wata guda yake yi, sai ka lissafa watannin daminar Jos ka ninka. Adaptil na jonawa a soket kuwa, ka fi ni sanin abin da wutar lantarki ke yi da zarar an ga hadari.

Tambaya: Karen farautata ya kai shekara 9, ko ƙarar bindiga ba ta taɓa razana shi ba, bana sai ga shi yana shigewa ƙarƙashin rumbu in an yi tsawa. Tsufa ne? Daga wani mafarauci, Ningi.

Amsa: Baba, tambayarka ta fi ta kowa ma'ana a wannan makon. Tsoron da ya fara da girma sau da yawa ciwo ne a ɓoye. Masu bincike a Jami'ar Linkon ta Ingila sun nuna a 2018 cewa karnukan da ke fama da ciwon gaɓɓai sukan fara tsoron ƙara a makare: ƙara ta sa ya zabura, zaburar ta motsa ciwon, sai ya haɗa biyun. Ka lura ko yana jinkirin tashi da safe, ko yana ɗingishi bayan dogon daji, ko ya daina tsallake abin da da yake tsallakewa. A duba masa ƙugu da baya da kunne kafin a yi zancen maganin tsoro. Wanda ya yi maka shekaru yana shiga sarƙaƙiya ya ci wannan ɗawainiya.

Tambaya: Ni a ganina shagwaɓa ce. In aka ɗaure shi a waje cikin ruwan, aka zane shi sau biyu, ai zai saba. Daga Funtuwa.

Amsa: Ba zai saba ba. Zai koyi cewa hadari na zuwa da bulala, ya ƙara tsoronka a kan tsoron tsawa, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. In ba za ka iya buɗe masa sito na awa biyu ba, ka nemi wanda zai iya ka ba shi karen.